Motar Baba a Cikin Akwatuna Uku

Tashi daga Limawa

Ladan bai kai ga kiran assalatu ba Baba ya fara buga mini ƙofa. A gidanmu na Limawa, cikin Minna, na kwana, da izinin maigidana, don kada a ce ni na jawo jirgi ya tafi ya bar mu. Na fito na tarar da shi ya sha babbar riga da hular Idi, sai ka ce mai zuwa ɗaurin aure. Inna na bakin murhu tana ƙulle mana dambun nama da soyayyar gyaɗa. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "A dai dawo lafiya. Motar kuwa, in ta zo ma gani."

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu. Babana, Malam Sule, tsohon direban reluwe ne. Da ƙuruciyarsa, zamanin Turawa, shi ke wanke wa wani injiniya mota, in Baturen ya gaji ya bar masa sitiyari. Motar koriya ce, 'yar ƙarama, ba rufi, fitilunta a waje zuru-zuru kamar idon kwaɗo. A cikinta ya bi ta bakin tasha ya ga Inna tana taya uwarta sayar da waina, ya ci burki, ya yi cika baki irin na samari: wata rana sai ya ɗauke ta a motar nan ya zaga gari da ita. Kafin a ɗaura aure Bature ya tattara ya koma ƙasarsu da motarsa. Tun daga nan duk alkawarin da Baba ya yi a gida, ko na sabon kwano ne, sai Inna ta ce, "To, a ɗora a motar Bature."

Kusan shekara arba'in ana haka. Sai ƙanena Isa, da ke karatu a Ingila, ya gano wasu masu ƙera kwaikwayon tsofaffin motoci. Ba sa sayarwa a haɗe. Gunduwa-gunduwa suke zuba ta a akwati, kai ka je ka haɗa abarka. Zamanin farar hula ne, naira na da ƙarfinta, Baba ya zuba kuɗin sallamarsa, Isa ya cika.

Akwai maganar da ni da Baba muka rufe a tsakaninmu, ita ce ta likitan ido. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama yana tsukewa a hankali, kuma likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ba shi zuwa ƙarshen damina ya ajiye tuƙi. Mu kuwa a bazara muka tashi, mangwaro na ta zuba. Baba so yake ya tuƙa matarsa da hannunsa tun yana ganin hanya, ni kuma ni ce babba a gidan, ni ce mai Turanci, don haka na ɗauki hutu a makarantar da nake koyarwa na bi shi Legas ɗauko akwatunan.

A jirgi: Zungeru, Jebba, Badun

Jirgin Kano da aka ce da asuba zai iso, sai da hantsi ya dubi ludayi ya shigo yana huci. Ni na cika na yi fam, Baba kuwa ko a jikinsa. Tasha gidansa ce. Duk wanda ya gifta sai ya ce, "Sule Direba, sai ina?" Shi kuma ya ce, "Ikko. Amarya zan ɗauko."

Muka ƙetare kogin Kaduna a Zungeru, zafi kamar a gasa gurasa. A Makwa mata suka yanyame tagogi da busasshen kifi, na sayi na naira ɗaya, muka ci da burodi. Da la'asar muka hau gadar Jebba. Baba ya miƙe ya kama taga.

"Uwani, taso ki ga Kwara. Kin ga dutsen can tsakiyar ruwa? Masunta ba sa raɓarsa."

Na bi yatsansa da kallo. Ruwa ne kawai a wajen. Dutsen yana can gefe, nesa da inda yake nunawa, tsaye ƙiƙam. Na ce, "Na gani, Baba." Na koma na zauna. Ranar na fara jin tsoro na gaske.

Muka kwana a zaune. Gari ya waye mana a ƙasar Yarbawa, ko'ina kore shar. A Badun Baba ya zaro Yarabancinsa da ya yi tsatsa zai taya alala, matan suka kwashe da dariya har ɗaya ta ƙara masa biyu gyara. Ya juyo yana taƙama wai har yanzu bakinsa na ciniki. Na ce ai tausayi ne ya yi cinikin. Bayan azahar muka sauka a tashar Iddo, Legas.

Legas

A Agege muka sauka, gidan ƙanwar Baba, Goggo Delu, wadda mijinta ke fataucin goro. Ta ba mu ɗakin da ke kusa da rumbun goron, har yau in na ji ƙanshin ɗanyen goro sai na tuna Legas.

Kullum da sassafe mu shiga doguwar bas mai launin rawaya zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa, a tsaye, an cusa mu kamar kifin gwangwani, hannuna ɗaya a ƙarfe, ɗaya riƙe da rigar Baba. Ejan ɗin fiton kaya da Isa ya haɗa mu da shi mutum ne mai fara'a, kalma ɗaya ya iya: gobe. Gobe ta yi gobe, ta sake yin gobe, mako ya shuɗe. Ranar da aka yi ruwan farko na dubi sama, na dubi Baba, na juya kan ejan ɗin nan da muryar da nake yi wa 'yan aji shida. Ban san me na faɗa ba duka. Na dai san washegari ya kai mu har gaban akwatunan.

Uku ne, na katako, babban ya kusa tsawon ɗaki. Nan ma'aikatan kwastan suka shiga gardama a junansu: wannan mota ce ko kayan gyara? In mota ce ina tayoyinta suke taka ƙasa? In kayan gyara ne, na wace motar? Babbansu ya ce a buɗe. Aka ɓamɓare katako, aka yaye takarda, sai ga murfin taya kore yana sheƙi. Baba ya matso ya ɗora tafinsa a kai, ya shafa daga farko har ƙarshe, a hankali. Babban nan ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce a rubuta mota, wadda ba a haɗa ba. Muka biya abin da doka ta yanka, aka sake mana kayanmu.

Hanyar gida: Ogbomosho, Ilori, Bida

Mijin Goggo ya samo mana babbar mota mai bodin katako, ta wani Banufe, Ndagi, da ya kawo shinkafa zai koma da gishiri. Ya share mana gidan gaba, Baba ya ce shi a baya zai zauna wajen akwatunansa.

Ndagi ya ce, "Baba, akwati ba ya gudu."

Baba ya ce, "Kai ma da amaryarka ce ba ka barinta da gishiri."

Wajen Ogbomosho hadari ya haɗo, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na sa Ndagi ya tsaya na zaga baya. Tamfol bai kai ƙarshen babban akwatin ba, sai Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya rufa wajen, shi yana tsugune da 'yar shara yana rawar sanyi. Na yi ta faɗa. Na ce robar da aka yi jikin motar nan da ita ko a kogi aka jefa ta ba abin da zai same ta, shi fa? Ya ce, "Uwani, kin cika faɗa, halin mai sunanki sak." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya iya mayar mini da magana. Na tasa shi gaba zuwa gidan gaba.

Shingaye kuwa ba a magana. A wani kafin Ilori, jami'in ya karanta takardunmu, ya leƙa baya, ya sake karantawa.

"An ce mota. Ina motar?"

Baba ya ce, "Ga ta nan, ranka ya daɗe. Cikinta ne, ba a haife ta ba tukuna."

Mutumin ya yi dariya har da dafa mota, ya ce in an yi suna a gayyace shi. Muka kwana a Ilori a masaukin direbobi, matar mai gidan ta ba ni tabarma a ɗakinta. Washegari muka sake ƙetare Kwara, muka karya ta Makwa zuwa Bida. Nan Ndagi ya rantse sai mun ci abincin gidansa: tuwon shinkafa da miyar wake da ɗanyen kifi. Ban taɓa cin irinsa ba, ban kuma sake ba.

Garatu

Ba Limawa muka nufa da kayan ba. Baba ya ce Inna ba za ta ga motar nan a warwatse ba, sai tana tafiya da ƙafarta. A Garatu muka sauke, gidan amininsa Baba Yohanna, Bagwari, tsohon fita, wato makanikin reluwe, da ya koma noman doya. Tare suka yi aiki tun suna samari. Muka same shi a bakin titi kan babur ɗinsa, wai tun jiya yake jira.

Ya zaga akwatunan ya ce, "Sule, wannan motan naka ya sha hanya." Ya juyo gare ni. "Malama, sannu. Kai ma ka rame."

A ƙarƙashin mangwaron gidansa aka kafa rumfa. Duk Asabar in hau motar kasuwa in je in karanta musu littafin haɗawa ina fassarawa, su kuma su yi abin da suka ga dama. In na ce littafi ya ce a fara da kaza, Baba Yohanna ya ce, "Wanda ya rubuta littafi bai zo Garatu ba." Su yi musu kan noti ɗaya har azahar, Baba ya tafi salla, Baba Yohanna ya ɗaure notin yadda yake so, Baba ya dawo ya laluba ya kwance. Da laluba yake aikin yawanci. Amininsa ya lura, bai taɓa tambaya ba, sai dai ya riƙa ajiye masa sifana daidai inda hannunsa zai faɗa.

Dawa ta kai gwiwa, ta kai ƙugu. Ranar da injin ya tashi, kajin gidan suka watse, matar Baba Yohanna ta rangaɗa guɗa, tsofaffin nan biyu suka rungume juna baƙi ƙirin da mai.

Ofishin rajista

A bayan akori-kura muka kai ta Minna, tunda ba ta da lamba. Jami'in duba lafiyar motoci saurayi ne mai ladabi. Ya duba tayoyi, ya duba fitilu, ya duba lambar inji da takardun kwastan, yana ta yaba aikin. Sai ya zo zai shiga, ya buɗe ƙofar hagu, ya tsaya.

"Baba, wa ya yi odar motar nan?"

"Ni ne."

"Sitiyarin a dama yake."

Baba ya ce, "To da a ina zai kasance? Nan na san shi."

Ashe da Isa ya tambaya wane hannu za a yi, Baba cewa ya yi a yi ta sak ta Bature, kada a canza ko allura. An kusa shekara goma da canjin hannun tuƙi a ƙasar nan, Baba da kansa ya tuƙa motoci masu sitiyari a hagu, amma ita wannan motar a ransa ba ta san an canza ba. Baba Yohanna ma da hannunsa ya ɗaura sitiyarin bai ga komai ba, don a haka suka tashi. Ni kuwa da na karanta littafin daga bango zuwa bango, ban iya tuƙi ba, balle in lura.

Saurayin ya ce, "Wallahi Baba ba ni da ikon ba wa sabuwar mota mai hannun dama lamba. A mayar da shi hagu. Ranar da kuka dawo ba za ku bi layi ba."

Na buɗe baki zan faɗa masa maganar ido, Baba ya damƙe hannuna. Muka fito. Marka ta riga ta kama, sama ba ta ɗagawa. Ya zauna a kan dakali ya ce, "Uwani, anya kuwa?" Ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba sai ranar.

Kaduna

Baba Yohanna, da ya rako mu, bai bar shi ya ƙarasa ba. Ya ce, "Karfe ne, Sule. Mutum ya sa shi a dama, mutum zai sa shi a hagu."

Washegari da asuba ni da shi muka shiga tasi zuwa Kaduna ta Sarkin Fawa, muka bar Baba yana kwance allon gaban motar. Hanya ta jiƙe, sau biyu muna fita turi, zanena ya koma jar ƙasa. A kasuwar Panteka muka wuni muna bin rumfuna, Baba Yohanna riƙe da tsohon ƙarfen sitiyarin yana gwadawa da duk wanda aka miƙo. Dab da magariba muka dace da na wata 'yar ƙaramar mota da ta yi haɗari. Muka kwana gidan wata abokiyar karatuna, muka juyo.

A hanya ya ce, "Malama, idon ya rage nawa?" Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya juya yana kallon taga.

Mayar da sitiyari da burki da totur ya ci makonni. Ba su ƙara musu ba, ni kuwa shirun ya fi musun damuna. Sabuwar doya ta fito kasuwa ranar da muka koma ofis. Saurayin nan ya cika alkawari, ya gwada ta da kansa ya dawo yana murmushi, ya sa hannu. Baba ya rungume lambar a ƙirji har gida.

Limawa

Lahadi da sassafe aka zaɓa, hanya ba cunkoso, rana tarwai. Baba Yohanna ya ce zai shiga gaba da babur sanye da jar riga, Baba ya bi shi kawai. Coci kuwa, ya ce sai ya je zama na biyu. Aka tsayar da motar a ƙofar gida. Kafin ka ce kwabo unguwa ta cika.

Inna ta fito da mayafinta na unguwa. Ta zaga motar sau ɗaya, ta leƙa ciki.

"Ina gidan baya?"

Baba ya ce, "Ba ta da shi. Kujera biyu ce, tun asali."

"Kujera biyu? Wato in zauna kafaɗa da kafaɗa da Malam, ba rufi, a gaban 'ya'ya da surukai?" Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta koma cikin gida.

Duk tafiyar nan ba wanda ya yi wannan tunani. Sau ɗaya ta taɓa ganin motar Bature, kunya ba ta bar ta ta dube ta sosai ba, ita a zatonta za ta shige baya ne ta lafe, yadda ta saba. Baba ya tsaya riƙe da ƙofar da ya buɗe mata, bai saki ba, bai kuma dubi kowa ba.

Ni ba ni da bakin roƙonta. 'Yar fari ce ni. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, a hannun kakata na girma. Sai na tura ƙanwata Talatu. Ta daɗe a ciki, ta fito tana sunkuyar da kai.

"Yaya, ta ce kallon 'yan unguwa ta iya daurewa, surukai ma ta rufe ido. Amma ba a gabanki ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni da na sha matsin bas ɗin Apapa, na tura tasi a taɓo, a ce ni kaɗai ce ba zan gani ba? Na dubi Baba, har yanzu hannunsa na kan ƙofar. Na tuɓe takalmina na shige ƙuryar ɗakin kakata, na saki labule.

Daga nan na ji komai. Na ji unguwa ta yi tsit, na ji ƙofar mota ta rufu, ɗaya, sannan ɗaya. Babur ya tashi, injin ya bi shi, guɗa ta kaure. Ƙarar ta yi nisa ta nufi wajen tasha har ta ɓace. Na zauna da carbi ina ja, ban san me nake karantawa ba, ina ta ganin ramukan hanyar Bosso a raina.

Sun kai awa guda. Da na ji hon a ƙofar gida sai na yi hamdala ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ya kai su ya dawo da su. Baba ya ɗaga labule ya shigo yana laluben bango. Ya kamo hannuna ya sa mini makullin, ya dunƙule yatsuna a kai.

"Na gama, Uwani. Ki ajiye wa Isa." Ya zauna bakin gado yana dariya, hawaye na bin gemunsa. "Kin san tun daga ƙofar gida take faɗa mini hanya? Rami a hagunka, Malam. Akuya a gabanka, Malam. Ashe ta sani. Ta ce tun ranar da na zuba shayi a gefen kofi."

Sai ga takun Inna a tsakar gida. Ta zo daidai labulen ta tsaya, ina ganin ƙafafunta ta ƙasa. Ta ɗaga murya tana kiran Talatu, wadda ke tsaye kusa da ita.

"Talatu, ki ce wa waccan ta fito ta karya, tun safe ba ta ci komai ba." Ƙafafun ba su motsa ba. "Ki ce mata na shiga. Ki ce mata Allah ya yi mata albarka."